Yaƙin Malam Arzika da Tukunyar Yaya Kulu

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Malam Arzika tela, nan bakin kasuwar Bagudo, ya san ba a sakin magana a gabansa haka nan kawai. Ka ce sauro ya yi yawa bana, ko ka ce ruwan rijiyarku ya fi na kowa kyau, sai ka ji keken ɗinki ya tsaya cak. Zai sauke tabarau zuwa karan hanci, ya leƙo ka ta sama, ya ce, "A wane shafi ka gani?" Kun dai tuna yadda yake faɗinta. Mutumin da ke yini yana zuba Kabanci tsantsa, Hausarmu ta Kabi, da zarar an taɓo littafi sai ya murɗe baki ya koma Hausar rediyo.

In ba ka da shafi, to shi yana da shi. A ƙarƙashin keken akwai wani tsohon buhun taki cike da ƙananan littattafai masu hotuna: na ƙasa da itatuwa, na kiwon lafiya, na abinci mai gina jiki, na noman rani da na damina. Sai da ya haura shekara arba'in ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatun boko, kuma tun ranar da ya iya haɗa baƙi mu ba mu sake hutawa ba. Ka kawo ɗinkin wando, ka tafi da darasin tsutsar ciki. Wani Bafulatani ya taɓa barin rigarsa wata huɗu a rumfar, ya ce gara ya yi sallah da tsohuwa da a sake karanta masa babin tafasa nono.

Ni ne Sahabi mai gyaran babur a tasha, ƙanin matarsa Kulu. Kun ga ke nan akwai wasa tsakanina da shi, kuma Allah ya sani ban taɓa raga masa ba. Amma abin da na sani game da mutumin nan, wanda da yawanku ba ku sani ba, shi ne duk karatun nan da yake addabar gari da shi, mutum ɗaya tak yake nema. Bagudo kaf ta sallama masa don a zauna lafiya, ban da yayata. Yaya Kulu ba ta san ko baƙi ɗaya ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi asarar komai ba. In ya fara karatu sai ta ce, "Malam, takarda ba ta taɓa tuƙa tuwo ba." Shi kuwa ya sha gaya mini, har a gabanta, "Sahabi, in yayakka tab buɗe baki sau guda tac ce littafi ya yi gaskiya, ko ranan nan Allah ya ɗauke ni ban da kaico." Shekara ashirin da 'yan kai yana bin kalmar nan.

Karon farko da na gani da idona, a kan taki aka yi shi. Ya karanta cewa bola ba bola ba ce, abincin ƙasa ce. Sai ga shi ya haƙa rami bayan madafa, yana kwashe tokar murhu, ƙaiƙayi, ɓawon albasa da kashin kajin Yaya yana zubawa. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Ina! Sai ya gangara bakin kogi wurin masunta ya roƙo hanjin kifi bokiti biyu ya ƙara, wai littafi ya ce a sa duk abin da ke ruɓewa. Jama'a, kwana uku ba a iya wucewa ta lungun sai da hannu a hanci. Liman da kansa ya aiko a tambaya ko jaki ne ya mutu. Shi kuwa gwano ba ya jin warin jikinsa, kullum yana bakin ramin da sanda yana juyawa, har da 'yar waƙarsa.

To, abin haushi, takin ya yi. Dawar da ya shuka a gonarsa ta hanyar Sharabi ta tashi baƙa wuluk, zangarniya har tana sunkuyar da kara. Ya zo tasha da sassafe yana rawar jiki, ya ce in ajiye aiki in ɗauko Yaya a babur. Na kai ta. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta bi kunya-kunya tana dubawa, shi yana biye da ita da littafi a buɗe.

"To, Kulu," in ji shi. "Gani ya kori ji. Hwaɗi."

Ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hure, ta jinjina kai.

"Kai, madalla," ta ce. "Kajina sun yi ƙoƙari."

"Kajinki?"

"Kashin wa kak kwasa? Na mai littahin?"

Nan take ta yanke wa kajin ladan aikinsu, dami biyu. Wallahi sai da ya ba su, kuma ni na ɗauko damman zuwa gida.

Bai daddara ba. Wata shekara ya samo littafin da ke kukan sare itatuwa, a ciki har da hoton wani akwati mai dafa abinci da hasken rana. Malam ya haɗa nasa da kwali, da takardar ƙyalli, da gilashin tsohuwar taga, ya ciro madubin da masu kawo ɗinki ke duba kansu a rumfa ya jingina. Sannan ya zaɓi ranar gwaji. Duk kwanakin Allah bai ga wadda ta yi masa ba sai ranar da dangin mahaifiyarmu, Dandawa, za su zo daga tsallaken iyaka su gaishe mu, su tara, har da Kawu Garba babbanmu. Kuma cikin watan Agusta!

"Yau ba a hura wuta gidan ga," in ji Malam. "Rana ka dahwa muna shinkahwa."

Yaya ta dube shi, ta dubi sama, ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ce ta kamata ta ba shi tsoro. Ya ɗora shinkafa da hantsi, ya ja kujera ya zauna gadi. Kafin azahar hadari ya taso daga gabas ya rufe ranar ruf. Bai yi ruwa ba, bai kuma wuce ba, tsayawa ya yi a kan gidan kamar an aiko shi kallo. Malam yana juya madubi dama da hagu, yana ɗaga kai yana tsaki. Baƙi sun yi sallah, an sha fura, cikin kowa ya fara kiran ciroma. Can sai ga kwanuka suna tsallakowa ta kan dangar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tuwon shinkafa da miyar kifi, tururi na tashi.

Malam ya miƙe. "Kulu! Ban ce ba a hura wuta ba?"

"Gidan ga kac ce. Wagga wutag gidan Ladi ta."

Da la'asar ya buɗe akwatinsa. Shinkafa ta jiƙa ta kumbura, ruwan ɗumi-ɗumi. Duk da haka ya ɗebo a cokali ya miƙa wa Kawu Garba, wai a shaida. Dattijon ya tauna a hankali don kunyar suruki, ya daɗe yana neman abin faɗi, sannan ya ce, "Malam, iri mai kyau na. In anka kai ta hwadama tana hita." Ni dai sai da na fita waje don kada dariya ta kashe ni a gaban manya. Yaya kuwa tana kwashe kwanuka ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Rana shanya ta iya, ba sanwa ba."

Gaskiya dai a faɗe ta, da bazara ta zo akwatin ya dafa shinkafa tsaf. Ya kai mata har ɗaki. Ta ɗanɗana ta ce ta dahu, sai dai wanda zai jira ta gara ya ɗauki niyyar azumi tun da asuba, ya samu lada biyu.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta wake. Yaya tun tasowarmu cuɗa wake take yi da toka da rairayi mai laushi, ta zuba a randa ta liƙe baki da laka, haka ta gada wurin mahaifiyarmu. Malam ya hana, ya ce ƙazanta ce, a zuba a jarka a toshe kamar yadda aka rubuta. Ita ta ci gaba da abinta a bayan ɗaki, shi yana yin nasa a zaure. Ana nan sai wani direba ya gaya masa ai a wata kasuwa cikin Benin akwai mai sayar da littattafan noma na Faransanci, manya-manya, masu bango mai ƙarfi. Malam bai san ko "sannu" da Faransanci ba. Amma a ganinsa littafin da ya fi kauri ya fi gaskiya, kuma in Yaya ta raina na gida, ba ta isa ta raina na ƙasar waje ba.

Haka ya tasa ni gaba muka bi ta garin Tsamiya a babur, da buhunsa ɗaure a baya, don ba ya tafiyar da ta wuce zango ɗaya ba tare da shi ba. Mun sayo littafin lafiya lau, da taimakon ɗan Dandancin da nake ji. A dawowa ne aka tsayar da mu bakin iyaka. Kun san buhu a bayan babur a wannan hanya, ai ba sai an faɗa ba. Jami'in ya kwance igiya, ya zura hannu, ya zaro littafi. Ya sake zurawa, littafi. Ya zazzage buhun duka a ƙasa.

"Baba," in ji shi, "mu shinkafa muke nema."

Fuskar Malam ta washe. "Shinkafa? Ɗana, ka zo gida. Shafi na goma sha huɗu."

Ya tsuguna ya zaro wani mai ruwan ɗorawa, ya gyara tabarau, ya fara karanta yadda ake dasa shinkafa a layi, tazara nawa tsakanin gindi da gindi, da kwana nawa iri zai yi kafin a cire shi. Bawan Allah ya ce ya gamsu. Malam ya ce ai ba a kai wurin ruwa ba tukuna. Babura suka yi layi a bayanmu ana ta ham. Da jami'in ya juya gun wani, sai Malam ya bi shi da littafi a buɗe. Daga ƙarshe mutumin ya jawo ni gefe.

"Don girman Allah ɗauke mahaifinka ku tafi."

"Ba mahaifina ba ne, mijin yayata ne."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce Allah ya ba ta lada."

Muka iso gida kafin magariba. Malam ko ruwa bai sha ba ya shimfiɗa tabarma tsakar gida, ya kira Yaya, ya buɗe sabon littafi yana bin hotuna da yatsa, tun da su kaɗai yake iya karantawa. Ga rumbu, ga masara, ga ɓera. Ya juya shafi, ga wake. Sai yatsan ya tsaya. Hoton wata mata ce durƙushe, tana cuɗa wake da toka, ga randa a gefenta, hoto na gaba tana liƙe bakin randar da laka. Har ɗaurin zanen irin na Yaya ne.

Ya yi saurin juyawa, amma ta riga ta dafe shafin.

"Tsaya, Malam. Mi wagga baiwar Allah taka yi?"

Ya yi tari. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kun san shi da saurin dabara, nan da nan ya ga kafa. "Yauwa! Kin gani? Abin da kika yi, shi littafi yac ce. Ashe kin yarda da littafi ke nan!"

"A'a," in ji Yaya. "Littahin na yay yarda da ni. Ka tahi har ƙasar wasu, ka ƙone man Sahabi, ka sawo abin da ad bayan ɗakinka."

Kwana biyu bai ce wa kowa "a wane shafi" ba. Kasuwa har aka fara tambaya ko lafiya.

Haka aka yi ta yi har tsufa ya kama su. Shekaru uku da suka wuce jiri ya kwashe shi a kan keke, muka kai shi asibiti aka ce hawan jini ne. Malamar asibitin tana bayani yana ƙarasa mata: a rage gishiri, a bar magi, a sha magani kullum. "Na sani, ɗiyata, na sani," yake ta cewa. Ai kuwa ya sani. Shekara nawa yana karanta wa masu ƙiba wannan babin a rumfa? Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Malam Arzika mutum ne mai son miyar kuka da busasshen kifi, gishiri ya ji har yana cizon harshe, kuma da muka koma gida bai ce wa Yaya ta canza komai ba. In na yi magana sai ya ce jikinsa daban ne.

Bayan mako guda, da azahar, ina kwance ƙarƙashin wani babur sai na ga ƙafafun mace a kaina. Yaya Kulu ce, wadda tun da na buɗe wurin ba ta taɓa takowa ba. Ta duba gabas ta duba yamma, ta zaro abu daga cikin mayafi. Littafinsa ne na kiwon lafiya, mai koren bango.

"Karanta min wurin hawan jinin ga," ta ce. "Sannu-sannu."

Na buɗe baki zan yi ihu. Ta nuna ni da yatsa.

"In kah hwaɗa mai, ban yahe ma goyon da niy yi ma ba."

Na haɗiye dariyata na karanta. Ta zauna a kan tsohuwar taya tana saurare, ta sa na maimaita sau uku. Yadda za a ɗaga miya da albasa da tafarnuwa da citta in an janye gishiri, a yawaita ganye, a rage mai, kada a bar magani don an ji sauƙi. Ta ƙirga su a yatsunta, ta karɓe littafin, ta yi sauri ta mayar buhu kafin ya dawo daga masallaci. Washegari ina gidan aka kawo tuwo. Malam ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Kulu, miyag ga ba gishiri."

"Ya ƙare."

"Yau ranak kasuwa?"

"Ya ƙare nic ce."

Wata bakwai gishiri yana ƙarewa a garin Bagudo. Ya ji sauƙi har ya koma rumfa na ɗan lokaci, sannan jikin ya sake rikicewa, ƙafa ɗaya ta ƙi. Ni kuwa ina yawo da magana a ciki tana ci na. Ga mutum kwance, na san abin da ya shekara ashirin yana nema, kuma an ɗaure mini baki.

Wata la'asar na same shi a inuwar darbejiyar tsakar gida, Yaya ta leƙa barkar haihuwa a maƙwabta. Ya yafuto ni da hannun da ke motsi.

"Sahabi, littafina mai koren bango. Shafi na arba'in da ɗaya akwai yatsan manja." Ya dube ni ta saman tabarau. "Na arba'in da biyu akwai yatsan baƙin mai."

Na dubi hannuwana, na ɓoye su a aljihu. "Malam, ni ban ce komai ba."

"Ban ce ka ce ba. Amma kak ka hwaɗa mata na sani. Ka san yayakka. In taj ji na gane, gobe ta juye mudun gishiri cikin tukunya don ta ƙaryata ni."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Na ce to ai shi ke nan, ya ci yaƙi. Sai ya girgiza kai, dariyar ta ɗauke.

"A'a. Yi daban, hwaɗi daban. Ina jira."

Bayan mako uku, ranar wata Talata da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Ba ta faɗa ba.

Sai da aka yi sadakar arba'in na ga alkawari ya sauka daga wuyana. Na same ta a ƙofar madafa tana tsince wake a faifai, na zauna na gaya mata duka, har da yatsan manja. Hannunta ya tsaya.

"Ya sani?"

"Ya sani, Yaya."

"Munahuki!" ta ce. "Wata bakwai ina ƙaryag gishiri, shina kallona shina haɗiye tuwo?"

Ta fashe da dariya, ni ma na taya ta. Ban san inda dariyar ta juye ba, sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ba ni take kallo ba.

"Kai ka jiya da kunnenka, shi yac ce in nih hwaɗi, ko ranan nan a ɗauke shi. Sau nawa ta zo min ga baki, Sahabi, in maishe ta. Cewa nike muddin shina jira, shina nan." Ta share ido da bakin mayafi. "To, littahi ya yi gaskiya. Ga ta nan, na hwaɗi. Wa ka kai mai?"

A rayuwata ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda kamar ranar ba, kuma har yau in na tuna ni ne na zauna a tsakaninsu riƙe da sirrin kowa, sai zuciyata ta yi nauyi.

Ya Allah, kai ne mai isar da saƙon da ba wanda ya isa ya kai. Ka isar masa. Ka gafarta wa bawanka Arzika, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Kulu, ka sada su a gidan rahama. Amin.